Kada Ki Yabi Gauraka a Gaban Mai Gari

Unguwar Kanawa,
Kaduna.

Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka lafiya, Ya tsare ki a tudu da kwari, Ya raba ki da sharrin mai tafiya da ƙafa da mai jan ciki. Labarin gida ba zan ɓata takarda a kansa ba. Mahaifiyarki za ta ba ki shi a waya, har da wanda bai riga ya faru ba.

Ina wannan rubutu ne a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ina jiyo ku ke da ita a ɗaki kuna gardama a kan ko jakar za ta ɗauki ƙarin dambun nama. In na gama zan naɗe takardar in cusa ta cikin takalmin ruwanki na hagu. Idan kin same ta ne da kika kife takalmin kika kakkaɓe, to madalla, kin ci jarrabawar farko. Idan kuwa da ƙafa kika taka ta, kin faɗi, kuma ki gode wa Allah da ya kasance ni ne a ciki. Kunama ba ta yin sallama. Daga yau kada ki ƙara zura ƙafa a takalmi a daji sai kin kakkaɓe shi.

Za ki ce me ya hana ni faɗa miki baki da baki. Ai na gwada. Duk sanda na gyara murya zan yi miki nasiha sai ki ce, "Baba, ai na sani," ni kuma in biye miki mu ɓuge da dariya, maganar ta bi iska. Takarda ba ta da wannan rauni, ba a katse ta.

Ki fara sanin cewa ina alfahari da ke. Shekaranjiya bayan la'asar wani abokina ɗan Hayin Banki ya ja ni gefe a ƙofar masallaci, ya rage murya kamar mai yi mini jaje, ya ce, "Malam, wai da gaske ne 'yarka da digirinta ƙirga tsuntsaye za ta je yi?" Na ce da gaske ne, har da kwaɗi. Na yi masa bayani cewa madatsar ruwa za a gina, kuma kafin katafila ta taɓa ƙasa dole sai an tura masana sun duba abin da ke rayuwa a wurin, kamfanin da ke wannan dubawar ne ya ɗauke ki aikin gwaji. Ya jinjina kai ya ce Allah Ya sa albarka, amma na ga alama har yanzu tausayina yake ji. Ki bar shi. Ni da na yi shekaru ina malamin daji na san darajar abin da za ki yi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Makon jiya da kika dawo daga zuwanku na share fage, kin nuna mana hoto a wayarki: gauraki biyu can nesa cikin ciyawar fadamar da hanyar manyan motoci za ta ratsa. Kika ce in har aka tabbatar sheƙa suke yi a wurin, akwai yiwuwar a karkatar da hanyar ta bar fadamar. Na ji daɗi har cikin raina. Sai kika ƙara da cewa, "Ina komawa zan samu mai garin, in gaya masa ban taɓa ganin abu mai kyau irinsu ba, ya sa a nuna mini inda suke kwana." Na dubi mahaifiyarki, ita kuwa ta rufe baki da gefen zani tana dariya, don ta gane inda kika gado wannan bakin.

Ƙarshen labarin da zan ba ki kin san shi, tare kuka tashi a tsakar gidan nan. Farkon ne kike ji a guntu-guntu, kullum ku fashe da dariya kafin in kai inda darasin yake. Yau sai kin ji shi daga tushe.

Ina sabon ma'aikaci, ban daɗe da auren mahaifiyarki ba, aka tura ni wani ƙauye da damina in dubo namun dajin da suka rage a wani gandu da fadamar da ke gefensa. Fitata ta farko ke nan ni kaɗai. To ni a ganina wakilin gwamnati ba ya zuwa wuri a wulaƙance. Na sa farar shadda da ta sha guga, na goge takalmi sau-ciki har ina ganin fuskata a ciki, na hau babur ɗin ofis. Mutanen gari sun yaba ƙwarai. Fadama ce ba ta yaba ba. Takun farko na nutse zuwa idon sawu, na biyu zuwa gwiwa, da na zaro ƙafa sai ta fito ita kaɗai. Takalmin dama yana can har gobe. Na dawo gari da ƙafa ɗaya a takalmi, shadda ta koma ruwan ƙasa, matsattsaku sun jeru a ƙwaurina suna shan jinin gwamnati.

Shi ya sa na saya miki wannan takalmin da kike cewa ya yi muni. Muninsa shi ne amfaninsa. Haka kuma hijabin nan mai ruwan hoda da na ga an ninke miki, ki ajiye shi don ranar kasuwa. In za ki shiga fadama ki sa mai ruwan ƙasa ko ruwan ganye, wanda ba ya kaɗawa a iska, don tsuntsu ya fi ki ido. Na kuma san mahaifiyarki ta turara kayanki kaf, har safa. Kada ki gaya mata ni na ce, amma ki shanya su su sha iska. Ƙamshin da ke sa a yi miki maraba a Unguwar Rimi, a daji ƙudan zuma ne za su fara amsa shi.

Washegari na ce zan shiga gandu da sassafe. Mai garin dattijo ne fari tas, mai fara'a, irin mutanen da in sun dube ka sai ka ji kamar ka daɗe da saninsu. Ya ce ba a taɓa yi ba, baƙonsa ya fita da yunwa. Na zauna jiran koko. Bayan koko aka kawo ƙosai, bayan ƙosai ɗumamen tuwo, bayan ɗumame masu gaisuwa. Kafin in miƙe rana ta take. Da na miƙe kuma sai ya ce baƙo ba ya tafiya ba rakiya. Ƙannensa suka biyo ni, maƙwabta suka biyo su, wani ya ɗauko mini kujera a ka ko zan gaji, wani mai kalangu ya ga taro ya ɗauka biki ne shi ma ya shigo layi. Haka muka ratsa gandun nan da kiɗa. Abin da na gani a ranar na masu rai, awakin gari ne da wani jaki, shi ma guduwa ya yi.

Ba zan ce ki ƙi abincin mutane ba, wannan babban laifi ne. Kuma kada ki kuskura ki taka dajin gari ba ki fara zuwa kin gai da mai shi ba, ko da takardar izini ta cika miki jaka. Abin da za ki yi, tun da yamma ki je ki durƙusa ki yi bayani: aikin nan na bayan sallar asuba ne, dabba ba ta jiran a karya kumallo, amma kina dawowa za ki ci har ki nemi ƙari. Ki roƙi rakiyar mutum ɗaya wanda ba shi da yawan surutu, ki haɗa da abokiyar aikinki. Ke kaɗai kam ban yarda ba, ko da nan da bakin rafi ne. In kin cika alkawarin cin abincin nan, gobe ba mai tsare ki.

Da na ga ido bai samo mini komai ba, sai na ce bari in yi aiki da baki. Na tara dattawa a zauren mai gari na shiga tambaya. Akwai barewa a dajin nan? Suka ce akwai. Gwanki fa? Akwai. Na ji daɗi, na ƙara gaba. Zaki? Suka ɗan dubi juna, suka dubi yadda idona ke ƙyalli, suka ce, "Akwai, Malam, sai dai ba ya son fitowa." Da na tambayi giwa ma na tabbata da sun samo mini. Ni kuwa na zuba duka a rahoto. Da na koma Kaduna shugabana ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Zakin nan, sawunsa ka gani ko kashinsa?" Na ce ji na yi. Tun daga ranar har na yi ritaya, akwai waɗanda ba su san ni da wani suna a ofis ba sai Mai Zaki.

Kada ki ce ƙarya suka yi mini. Mutanenmu ba sa son baƙo ya nemi abu a ce masa babu, ko ruwa ne ko zaki. Laifin mai tambayar ne. Kada ki ce, "Akwai kaza?" Ki ce, "Yaushe rabonka da ganin kaza, a ina, wa ke tare da kai?" Nan za ki ji an ce ai tun zamanin kakanni. Kuma a rubutunki ki raba abin da idonki ya gani da abin da kunnenki ya ji, kowanne da gurbinsa. Wannan ya shafi ɗaya ɓangaren ma. Injiniyoyin ɗan kwangila za su ɗauke ki a mota mai sanyi, su miƙo miki lemo, su ce ai fadamar nan ba komai cikinta sai sauro. Ki sha lemon ki yi godiya, sannan ki sauka ki duba da kanki.

To, ga babbar.

Ana gobe zan tafi, dabara ta zo mini a makare. Na idar da sallar asuba na sulale ta bayan masallaci da aron takalmin roba, ni da mutum ɗaya. Muka laɓe a bayan wani gidan tururuwa a bakin fadama. Gari na washewa sai ga su. Gauraki biyu, tukkunsu kamar an tsoma tsintsiya a ruwan zinariya, kumatu ja da fari. Ɗaya ya sunkuyar da kai ya yi tsalle, ɗayar ta amsa masa, suka shiga zagaya juna suna buɗe fukafukai. Can gefe cikin ciyawa ga sheƙa. Ummi, na manta da sauro, na manta da aiki. Ban taɓa jin daɗin kallon wata halitta kamar na wannan safiyar ba. Ban jira sun tashi ba, na ja da baya da rarrafe don kada in firgita su, ina cewa a raina ai na sake dawowa.

Da a nan na tsaya da an yi aikin kirki. Amma kin san bakin babanki. Na faɗa zauren mai gari cike da jama'a, ko zama ban gama yi ba na fara zuba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ashe dukiya gare ku a garin nan! Wallahi duk Kaduna ba mai irin waɗannan tsuntsaye. Mutum ya tashi da safe ya ga wannan a gabansa, ai ya gama morewa." Na miƙe har ina gwada musu rawar. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Allah Sarki. Malam yana son su ke nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai ƙi?"

Ni yabo na yi. Shi kuwa roƙo ya ji, don a wurinsa baƙo ba ya yaba abu haka a bainar jama'a sannan a bar shi ya tafi hannu sake.

Da safe na fito zan hau babur, na tarar gari ya taru. An ɗaure wani ƙaton kwando a bayan babur ɗin, an rufa masa tsohon zani. Na ɗauka zabi ne. Na ɗaga zanin, sai idona cikin na gauraka. Su biyun ne, an ɗaure musu ƙafafu, kowanne an datse masa fiffike ɗaya daga gaɓa yadda ba zai sake tsirowa ba, wai don kada su wahalar da ni a birni. Na juyo, ga dattijon nan fuskarsa sai annuri take yi, yana cewa, "Ba yawa, Malam. A gai da iyali." In na ce ba na so, na kunyata shi a gaban mutanensa. In na sake su, kafin dare dila ya yi buɗa-baki da su. Ƙwan da ke sheƙa kuwa ko ban tambaya ba na san makomarsu. Na buɗe baki na ce na gode, Allah Ya ƙara girma. Haka malamin daji, wanda aka tura ya tsare namun daji, ya shigo Kaduna da gauraki biyu a bayan babur ɗin gwamnati.

Mahaifiyarki ta leƙa kwandon ta ce, "Malam, mazan mutane zabi suke kawo wa matansu. Waɗannan dafawa ake yi ko gaisuwa?"

Macen ba ta ga damina ta gaba ba. Ta daina ci, ta yi ta tsayuwa a gindin katanga har ta mutu. Namijin ne ya rayu, shi ne yayyenki suka sa wa suna Darakta, saboda yadda yake zagaya gida da ƙasaita yana duba aikin kowa, shi ba ya taɓa komai. Kin tuna yadda yake tada unguwa da kukan nan nasa kamar ana busa ƙaho? Kin tuna ranar da ya bi mai gyaran rediyo har bakin titi? Ke kuwa tun kina rarrafe kuka ƙulla. Gyaɗarki tasa ce, geron mahaifiyarki kuma ke ce mai sato masa a cikin ɗankwali. Ina jin a wurinsa kika fara karatun da kika ƙarasa a jami'a, don haka ba zan ce zuwansa gidan nan bai haifi alheri ba.

Amma akwai abin da yake yi duk damina. In hadari ya haɗo, tsuntsaye suka gifta ta sama, sai ya miƙe wuya, ya kwasa da gudu daga ƙofar ɗakin girki yana kaɗa fiffike ɗaya da rabi, har ya kai katanga ya tsaya. Ya daɗe a nan yana kallon sama, sannan ya dawo ya ci gaba da zagayensa kamar ba abin da ya faru. Ku dariya kuke yi, kuna cewa Darakta zai makara taro. Ni tashi nake in shige ɗaki, don ba na iya kallo. Wata rana, kina 'yar firamare, kika biyo ni kika ce, "Baba, wa ya hana shi tashi?" Na ce je ki tambayi mamanki. Kika je, ta ce miki, "Bakin babanki." Kika dawo kika tsaya kina leƙen bakina, har yau in an tuna ana dariya. Amma gaskiya ta faɗa miki.

Na koma ƙauyen bayan wasu shekaru. Dattijon yana nan, ya rungume ni, abin da ya fara tambaya shi ne lafiyar kyautarsa. Na je fadamar da asuba. Akwai bado, akwai balbelu, babu gauraka. Ba da jimawa ba aka mai da ni sashen rainon itatuwa a nan cikin gari, kuma daga wannan safiyar ta rawa ban sake ganin gauraka a daji ba.

Yanzu ki dubi naki lamarin. Idan kika yi irin yabona, kina iya wayar gari da kwando a bayan motar kamfani. Sannan in masu tabbatar da rahoto suka zo daga baya suka tarar da fadama wayam, gaurakinki sun zama zakina: ke kin ce akwai, ido ya ce babu. Hanya ta bi ta kan sheƙa, ke kuma 'yar gwaji ce, ba a daɗe ana shawara kafin a sallami 'yar gwajin da ta rubuta abin da ba a gani ba. Tsuntsayen, da fadamar, da aikinki, duk suna rataye a bakinki.

Don haka in kin gan su, ki yi tasbihinki a zuci. Ki ja kunnen abokan aikinki, har da direba, don direbobi sun fi kowa zama a majalisa. Hoton nan kuma kada ki watsa shi a waya da sunan garin. Akwai masu bin ƙauyuka suna sayen irin waɗannan tsuntsaye don gidajen masu hali, su ma suna da waya.

Sai dai shiru kaɗai ba zai wadatar ba. Mai gari ba yaro ba ne. Kwana kaɗan zai ji labarin inda baƙuwarsa take kafa madubin hangen nesa kowace safiya, kuma zai fara tunanin abin da zai sallame ki da shi. In ma ke ba a ba ki ba, ranar da wani babba ya zo duba aiki ana iya ba shi. Saboda haka ki riga shi.

Dabarar ba tawa ba ce, ta mai sunanki ce, Hajiya mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Da ta zo ganin gaurakin na ba ta labari ina ta kare kaina, cewa ba yadda zan yi, kyauta ba a mai da ta. Ta dube ni ta ce, "Kai dai ba ka da wayo. Wa ya ce ka mayar? Ni sau nawa ake ba ni akuya a ƙauye, ka taɓa ganin na shigo mota da ita? Karɓa nake in yi godiya, in bar wa mai ita kiwo. Tun da ya ce kana so, me ya hana ka ce ka karɓa, a bar maka su a inda suke?" Amsar tana gidanmu tun ina yaro, ban tuna da ita ba sai da aka riga aka datse fiffike.

To ke ki tuna da ita da wuri. Ki sanar da shugabar tawagarku abin da za ki yi, kada ta ji a bakin wani. Ki zaɓi lokacin da zaure ya cika, liman yana nan, dattawa suna nan. Ki durƙusa ki ce, "Ranka ya daɗe, 'yarka ta zo roƙo. Gaurakin fadamar nan nake so a ba ni." Zai ce an ba ki, ba ya iya cewa wani abu daban. Kafin ya waiwaya ya nemi wanda zai aika, ki ce, "Na karɓa, Allah Ya ƙara girma. Amma ni ba ni da fadama a Kaduna. Na bar su amana a hannunka, a inda suke, da fukafukansu da ƙwansu. Kada a kama, kada a matsa kusa. Baɗi in Allah Ya kai mu zan zo in ga 'ya'yansu." Sai ki roƙi liman ya yi addu'a a shafa.

Kada ki karanta masa doka, kada ki ce masa kamun gauraka laifi ne, ko da yake laifin ne. Doka tana Kaduna, shi yana can. Amma amanar da ya karɓa a gaban jama'arsa tana kwana da shi. Daga ranar sun zama gaurakin baƙuwar mai gari, wanda ya taɓa su shi ya taɓa. Ko babban da ya fi kowa ya zo ya yaba, dattijon yana da amsar da ba ta kunyata kowa: masu kyau ne, ranka ya daɗe, sai dai ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni. Karamcin da ya cika mini kwando, shi ne zai yi miki gadi. Kuma baɗin nan da kika ambata, ki je. Ko aikin ya ƙare, ko kamfani bai biya miki mota ba, ni zan biya.

Ban ce lalle hanyar za ta karkata ba, wannan yana hannun Allah da na manyanki. Naki shi ne duk ranar da aka zo dubawa a tarar da abin da kika rubuta yana nan tsaye da ƙafafunsa.

Saura tsarabata. Na ji mahaifiyarki ta yi miki odar daddawa da man shanu, wannan tsakaninku ne. Ni abu ɗaya nake so. Wata safiya in kin gama ƙirgarki, kada ki ja da baya da wuri kamar yadda na yi. Ki zauna a maɓoyarki har su gama kiwo su tashi don kansu, ki ɗauko mini su a wayarki suna sama. Shekara da shekaru ina ciyar da gauraka da hannuna, ban taɓa ganin yadda yake tashi ba. In kin kawo, a tsakar gida za mu kalla, a gindin katangar nan inda Darakta yake tsayawa.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko kina cikin taɓo. Ki sha maganin sauro, ki kwana a gidan sauro, ki kira mahaifiyarki duk inda waya ta kama, in ba haka ba ni za ta hana sakat. Allah Ya yi miki albarka, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya ba ki ido mai gani da baki mai jira. Allah Ya tsare ki a fita da shiga, Ya dawo mana da ke lafiya, babu kwando a bayan mota. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Mai Zaki.